Dangwalin Gwaggo Marka

Ranar Alhamis da la'asar Naja'atu ta sauka daga motar Kano a Kabo, ta hau babur zuwa Gude. Jakar kwamfuta na rataye a kafaɗarta, a bakinta kuma akwai magana guda da ta yi kwana uku tana bita: "Gwaggo, na bar karatun nan." Kalma biyar ce kacal, amma tun daga tasha take neman yadda za ta furta su.

Shekara uku ke nan tana neman digirin dakta a wata jami'a a Kano, a kan abin da in ta faɗa a ƙauye sai a ce mata, "To, Allah ya ba da sa'a," a sake zance. Ga shi a taƙaice. Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, wani ɗan ɗaki mai bango, a ciki aka cusa zaren gado wanda in an miƙe shi zai kai mita biyu. Zaren a naɗe yake a jikin wasu ƙananan sunadarai, masana na kiran haɗin nasu kuromatin. Ba ya zama shiru, kullum cikin motsi yake, amma kuma ba ya yin nisa. Tambayar Naja'atu ita ce, me yake riƙe shi?

Ta yi wata shida a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, tana ɗiga wa zaren alamu masu haske kore, tana ɗaukar bidiyonsu ta madubin ƙara girma. Ta dawo da bidiyo ɗari huɗu. A can an koya mata doka ɗaya: in ka ga ɗigo-ɗigon sun kwasa sun nufi gefe guda tare, to na'ura ce ta girgiza, ko ƙwayar ce ta zame, a zubar da wannan bidiyon. Ita kuwa Naja'atu yarinya ce mai bin doka har abin ya yi yawa. Ta rubuta wa kwamfuta umarni ta riƙa tsince irin waɗannan da kanta, tana jefa su a wata ma'ajiya da ta sa wa suna Shara. Kwamfuta ba ta da tausayi. Ta kwashe ɗari uku da 'yan kai, ragowar kuma ba su ce komai ba, ko ta wane gefe aka juya su.

Malamin da ke duba aikinta, Farfesa Halilu, ba mugu ba ne, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce mata ranar Litinin kwamiti zai zauna. In babu sakamako, za a ce ta sauya maudu'i, ta faro daga tushe. Ita kuwa ta duba kanta ta ga ba ta da ƙarfin wata shekara uku. Gara ta je da ƙafarta ta faɗa wa Gwaggo, kafin ta ji a bakin wani.

Gwaggo Marka yayar mahaifinta ce, ita ta ɗauke ta tun tana 'yar wata goma, lokacin da mahaifiyarta ta rasu. Gidansu asalinsu makiyaya ne, amma tun zamanin kakanni suka kafa bukka a Gude suka kama noman gero da dawa. Shanu goma sha ɗaya suka rage, Baffa Sajo ne yake kora su kiwo, tatsa da maruƙa kuwa na Gwaggo ne, ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. Mace ce 'yar firit, mai kaifin ido da kaifin baki. Duk faɗin Gude da Gammo babu wanda bai ji labarin 'yarta da za ta zama "daktar da ba ta yin allura" ba, don ko gishiri ta je saye sai ta sako zancen.

"Lale, lale da mutanen birni! Yaya hanya? Yaya malaman naku? Yaya Kanon, tana nan da hayaniyarta?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Na same ku lafiya? Yaya damina? Yaya ƙafar taki?"

"Ƙafa ta gode Allah. Ke ce dai na ga kin koma kamar tsinke. Ba sa dafa abinci a makarantar taku?"

Aka dama fura, aka kawo tuwo, Baffa Sajo ya dawo aka sake sabuwar gaisuwa. Naja'atu ta buɗe baki sau uku, sau uku tana rufewa. Gwaggo dai ta dube ta, ta dubi jakar, ba ta tambayi komai ba.

Da safe bayan sallar asuba, gari ya yi luf saboda ruwan da aka yi jiya, Gwaggo ta ɗauki ƙwaryar tatsa ta nufi bayan gida. Naja'atu ta bi ta. Can ne dangwali yake, doguwar igiyar rama da Gwaggo ta tufka da hannunta, an ɗaure bakinta biyu a turaku biyu, an jera mata hannuwa bakwai, kowane hannu a zarge a wuyan maraƙi. Sai an zo tatsa ake kwance su ɗaya bayan ɗaya, maraƙi ya ɗan tsotsa nono ya sauko, a janye shi a tatsi uwar. A hannun ƙarshe, dab da turke, akwai wani ɗan ja mai manyan kunnuwa, duk haƙarƙarinsa a waje.

"Wannan fa, Gwaggo? Ya na ga kin matse shi a lungu?"

"Uwarsa ta mutu wata biyu da suka wuce. Maraya kusa da turke ake ɗaure shi. In kika sa shi a tsakiya, manyan nan za su yi ta fizgarsa har su karya masa wuya. Riƙe min ƙwaryar nan."

Naja'atu ta riƙe. Tana kallon nono na zuba, ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Gwaggo, na bar karatun nan."

Hannun Gwaggo bai tsaya ba. Sai da ta gama tatsar saniyar tas, ta goge hannu a zani, sannan ta juyo.

"Korar ki aka yi?"

"A'a. Aikin ne ya ƙi. Shekara uku, babu abin da zan nuna."

"To nuna min shi. Ina so in ga abin da ya fi ƙarfin 'yar da na raina."

Haushi ya ɗan kama Naja'atu, don me Gwaggo za ta gane a ciki? Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko! Amma wa ya isa ya ce wa Gwaggo Marka a'a a bakin garkenta? Ta ɗauko kwamfuta, suka zauna a kan turmin da aka kifa, ta buɗe bidiyon da suka tsira. Wata da'ira mai duhu ta bayyana, a cikinta ɗigo-ɗigo kore suna ta rawar ɗari a wuri ɗaya. Ta yi bayanin cibiya da bango da zare, da Hausar da ta fi sauƙi. Gwaggo ta kalli uku, ta yi hamma.

"Su ke nan? Wata shida kika yi a ƙasar sanyi kina ɗaukar wannan?"

"Akwai wasu, amma sun lalace. Na zubar."

"Kin zubar! Ke da kika tashi a gidan da ko ɗaurayar ƙwarya ba a zubarwa sai an ba akuya? Nawa kika zubar?"

"Ɗari uku da wani abu."

"Innalillahi. Buɗe min su."

Ta buɗe Shara, abin da rabonta da shi tun ranar da ta ƙirƙire shi. Bidiyo na farko ya fara. Ɗigo huɗu a tsakiyar da'irar suka karkata hagu tare, suka dawo tare. Gwaggo ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashi. Ta ce a sa wani. Aka sa. Ta ce a ƙara.

"Ai waɗannan a dangwali suke," in ji ta.

Naja'atu ta yi murmushin da 'yan boko ke yi wa tsofaffi, irin wanda ya kamata a riƙa marin mutum a kansa. "A'a Gwaggo, na'urar ce ta motsa. Kamar in kina ɗaukar hoto hannunki ya girgiza, ai komai zai tafi gefe guda."

"Komai?"

"Komai."

"To wannan na bakin bango fa?" Gwaggo ta dangwala yatsa mai maiƙon nono a kan gilashin. "Shi me ya hana shi tafiya? Ƙusa aka buga masa? Mayar da shi baya ki gani. Ga wani ma can a ɗaya gefen, ko gezau."

Naja'atu ta mayar. Na tsakiya suka tafi, suka dawo. Biyu na jikin bango suna nan inda suke. Ta sake mayarwa.

Gwaggo ba ta jira ta ba. Ta miƙe, ta je ta ɗaɗa wa maraƙin tsakiya duka a gindi. Ya zabura ya yi gaba, na damansa da na hagunsa suka bi shi ba don suna so ba, na gaba da su suka ɗan tangaɗa, ɗan marayan da ke jikin turke kuwa kunne kawai ya ɗaga.

"Kin gani? Ƙasa ce ta girgiza? Igiya ce ɗaya. Na tsakiya shi ke da sarari, in ya ja sai maƙwabtansa su bi. Kina matsowa turke, jan yana raguwa. Shekara hamsin ina kallon wannan kowace safiya, ke kuma kin je har ƙasar waje kin gan shi kin zuba a shara."

"Gwaggo," in ji Naja'atu, "in turken ya tuge fa?"

"Allah ya kiyaye! Ai ranar ba mai zaman lafiya. Har marayan sai ya bi su, duk su tafi a tare kamar an kora."

Nan ne Naja'atu ta dafe kai. A cikin bidiyon nan akwai guda sittin da ta ɗauka bayan ta zuba wa ƙwayoyin wani magani da ke sassauta maƙalewar zaren a jikin bango. Kusan dukkansu kwamfuta ta jefa Shara, har ta riƙa zargin ranar ce na'urar ta fi lalacewa. Nan da nan ta nemo ɗaya. Ɗigo-ɗigon tsakiya suka tafi, na bakin bango suka bi su. Ta buɗe na biyu, haka. Na bakwai, haka. Ashe turke ta tuge da hannunta, ta zauna tana kuka wai aiki ya ƙi.

Kai, boko! Wata goma sha takwas tana bin lissafi a kan abin da ya rage, ba ta taɓa zama ta kalli abin da ta zubar da idonta ba, don an ce mata shara ne.

"Yanzu kuma kukan mene ne?" Gwaggo ta tambaya. "Tashi ki kwance min na uku, rana na yi."

Juma'a, Asabar da Lahadi, a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida Naja'atu ta yi su. Baffa Sajo ya jawo mata waya daga batirin sola, ya hana kowa cajin komai. Ta auna nisan kowane ɗigo daga bango, ta auna iyakar inda yake kaiwa, ta auna yadda yake bin maƙwabcinsa. Layin da ya fito a allon ya miƙe sumul: na jikin bango ba su da sarari, kana shiga ciki sarari na ƙaruwa, maƙwabta na jan juna, jan kuma na raguwa da nisa. A ƙwayoyin da aka zuba wa magani, bambancin ya kusa shafewa. Gwaggo takan wuce ta ajiye mata kofin fura, ta leƙa, ta ce, "Maruƙan naki suna nan lafiya?" ta yi gaba.

Ranar Lahadi da za ta tafi, Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon dangwali da ta daina amfani da shi, ta cusa mata a jaka.

"Me zan yi da shi, Gwaggo?"

"In malaman naki irinki ne, sai sun gani da ido."

Kuma haka aka yi. Ranar Litinin mutum biyar suka zauna a bayan dogon tebur, Naja'atu ta nuna bidiyo, ta nuna layi. Wani dattijon farfesa mai farin gemu ya gyara tabarau ya ce shi har yanzu bai ga abin da ya raba wannan da girgizar na'ura ba. Naja'atu ta tuna ba ta da abin da za ta rasa, ta zuge jaka ta fito da igiyar, har da warin garke. Ta ɗaura baki ɗaya a ƙafar tebur, ɗaya a ƙarfen taga, ta roƙi malaman kowa ya kama hannu guda. Suka dubi juna. Farfesa Halilu ne ya fara tashi, yana ƙunshe dariya, ya kama na tsakiya.

"Malam, ja."

Ya ja. Malamar da ke kusa da shi ta yi taga-taga ta ce, "Kai, Halilu, a hankali!" Dattijon mai gemu, da ya kama na jikin taga, bai motsa ba. Naja'atu ta kwance bakin igiyar daga tagar ta ce a sake ja. Wannan karon sai da dattijon ya taka biyu, tabaransa ya zamo kan hanci.

Ya koma kujerarsa ya daɗe yana duban layin. Ya ce masana a wasu wurare sun taɓa ba da rahoton zaren na tafiya rukuni-rukuni, ba ita ce ta fara gani ba, kada kanta ya kumbura. Amma a irin ƙwayoyinta, da wannan gwajin na sassauta bango, aikin ya tsaya da ƙafarsa. Suka ba ta wata takwas ta kammala rubutu.

"Wa ya nuna miki ki duba na jikin bango?" ya tambaya.

"Gwaggona ce, ranka ya daɗe."

"A wace jami'a take?"

"A Gude take. Tana da maruƙa bakwai."

Naja'atu ba ta yi wa Gwaggo waya ba. Ta ga wannan ba maganar waya ba ce. Sai dai aiki ya riƙe ta, sai bayan sati uku ta samu ta kamo hanya tun da sassafe, ta iso ana tsakiyar tatsa. A kan babur ta riƙa tuna abubuwan da ta daɗe da binnewa. Tana yarinya, sa'o'inta na ɗaukar ƙwarya su tafi tallan nono har Durun, su je rafi, su je biki ƙauyukan kusa, ita kuwa Gwaggo ta ce ba inda za ta, ta zauna nan inda ido ke ganinta. Ta sha kuka a bayan rumbu, ta sha cewa a ranta matar nan ba ta ƙaunarta. Amma ranar da sakamakon makarantar kwana ya fito, kowa ya ce Marka ba za ta bari ba, sai ga shi ita ce ta wanke akwati, ta soya mata man shanu, ta raka ta har bakin mota a Gwarzo, ta juya ba ta ko waiwayo ba.

Ta tarar da Gwaggo a tsugune a gindin saniya. Ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce, "Gwaggo, sun karɓa. Wata takwas ya rage."

"To, alhamdulillahi. Igiyata fa?"

"Farfesa ya riƙe, wai zai riƙa koyarwa da ita."

"Ji ɓarawo! Ki ce masa hannu na huɗu ya kusa tsinkewa."

Naja'atu ta yi dariya, ta waiga wajen dangwali. Hannun da ke jikin turke babu kowa a ciki. Ta nemi ɗan jan, sai ta hango shi a hannu na uku, ya yi ɗan kumari, yana ture na kusa da shi da kai.

"Kin matsar da marayan."

"Ya yi ƙwari. In na bar shi a jikin turke ba zai taɓa koyon tsayawa ba."

"In suka fizge shi fa?"

"Za su fizge shi mana. Amma igiyar ɗaya ce, in aka ja shi can ina gani daga nan." Gwaggo ta ci gaba da tatsa, ba ta ɗago ba. "Ke ma ranar da kika sauko daga babur ɗin nan na san an ja ki. Tun kafin ki yi sallama."

Naja'atu ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Mace mai shekara talatin da ɗaya, da ta tsaya gaban farfesoshi biyar ba ta yi rawar murya ba, sai ga hawaye na bin fuskarta a gaban shanu.

"Gwaggo, da ina jin haushinki. Lokacin da kike hana ni zuwa ko'ina."

"Na sani. A bayan rumbu kike kuka."

"Na gode, Gwaggo. Da ɗaurewar da sakin, duka na gode. Allah ya saka miki da Aljanna."

Hannun Gwaggo ya tsaya a kan hantsar saniyar, abin da Naja'atu ba ta taɓa gani ba tun tasowarta. Sannan ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙin garken nan ya dame ta, alhali ko wuta ba a hura ba.

"Amin," in ji ta. "Ajiye jakar nan ki riƙe min ƙwarya, kafin nonon ya zube."